Tagumi da Yatsa Ɗaya

A gidan da na tashi, a Yargoje, ba a tagumi. Uwata ko tana tsakiyar tuƙa tuwo ta hango yaro ya ɗora haɓa a tafin hannu, sai ta ajiye muciya ta zo ta buge hannun. Ba ta faɗa, ba ta bayani. Sai da na yi wayo na ji dalili a bakin kakata: mai uwa da uba a raye ba ya tagumi, wanda ya yi kuwa makoki yake kira wa gida. Da wannan aka kai ni ɗakin miji a wani ƙauye gefen Faskari, da shi na raini 'ya'yana, da shi nake rainon jikoki. Hannuwan da na buge, Allah kaɗai ya san yawansu.

Ni ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma mai rubutun ita ce wadda zan ba da labarinta, matar autana, ɗiyar mutanen Damari ta ƙasar Sabuwa. Ta ce in bari a samo wani ya rubuta, kunya take ji. Na ce ta riƙe biro.

Tun da aka kawo ta ban same ta da abin faɗa ba, ni kuwa ina nema. Surfenta fes, ƙuli-ƙulinta ba ya kwana a faranti, ba ta tsayawa surutu a bakin rijiya. Bayan ta yaye ɗanta na uku ne ta fara kawar da kai. In ta durƙusa gaishe ni da safe, sai fuskarta ta tafi wajen kafaɗar dama, kamar mai duban katanga. Matan unguwa suka yi ta yabo, wai ga yarinya mai kunya, shekaru a gida amma har yau ba ta iya duban uwar mijinta. Ni ban yarda ba, domin na san a shekarar da aka kawo ta ma ƙasa take dubawa, ba katanga ba.

Daga nan sai tagumi. A tsakar gida, a bakin murhu, a gidan suna cikin mutane, ko'ina ka gan ta hannu yana haɓa.

Abin ya zo a mummunan lokaci. A daminar nan ce Malam, maigidana, ya kwanta. Hawan jini ya kayar da shi a gona aka ɗauko shi, ya yi makonni ba ya fita ko zaure. Gida ya cika da masu dubiya, kowa ya shigo sai ya wuce ta gaban mace zaune ta rafka tagumi a ƙofar ɗakin mara lafiya. Ƙanwar Malam da ke aure a Kankara ta zo ta kwana biyu. Ita ce ta fito da abin da kowa ke ɓoyewa.

Ta ce mini, “Yaya, ke da ba a tagumi a gabanki, yau a gidanki ake kiran makoki kina kallo? Mutum yana kwance yana numfashi, an fara yi masa zaman takaba.”

Na ce na gani.

“Gani ba magani ba ne. In zaman ne ya ishe ta, hanyar Damari ba a rufe take ba.”

Ta kai maganar gun ƙanin Malam, wanda muke kira Alhaji, shi ke riƙe da gidan tun da yayansa ya kwanta. Alhaji ya kira autana a zaure ya ce masa da zarar an kai amfanin gona rumbu, a mayar da yarinyar gidan iyayenta ta huta. Duk macen da ta yi aure a ƙasar nan ta san ma'anar wannan hutun. Ana tafiya da akwati ɗaya, yara su zauna, sai wata ya bi wata, daga nan a aika da sauran kaya. Autana mutum ne mara magana. Ya fito daga zaure ya ɗauki fartanya ya tafi gona da rana tsaka, babu aikin da ya rage a can.

Washegari na same ta tana tsintar wake, hannu ɗaya a faifai, ɗaya a haɓa. Na yi abin da na saba, na buge hannun. Abin da na gani shi ya hana ni ƙara bugewa. Hannun yana barin haɓa, kanta ya juya dama a hankali, kamar ƙofar da ba a saka wa sakata ba, har haɓar ta kusa taɓa kafaɗa. Jijiyar wuyanta ta hagu ta tashi kamar igiyar guga. Ta yi ƙoƙarin dawo da shi, ya yi rawa, ya sake tafiya. Ta ci gaba da tsintar wake tana duban faifan ta gefen ido.

Na koma inuwar ɗakina na zauna, na sa mata ido. Aikina ke nan tun ina yarinya, kallo. Kwanaki na yi ina yi.

Na ga in ta kama taɓarya da hannu biyu, fuskarta tana wajen garke, hatsi yana fantsama waje. Wanda ke fushi da mutane ba ya kawar wa turmi kai. Na ga in ta ɗauko ruwa, rabinsa a zaninta yake ƙarewa, domin gammo ba ya zama a kan da ya karkace. Na ga in ta jingina ƙeya da bango, kan yakan lafa. Da ta kishingiɗa bayan azahar barci ya ɗauke ta, na leƙa, wuyanta a miƙe kamar na kowa. Na ga sallarta: jiki yana gabas, fuska tana kudu, in ta sallame ta daɗe tana share ido da bakin mayafi.

Sannan tagumin kansa. Ni na san tagumi, na binne 'ya'ya, na yi shi a ɗaki inda uwata ba za ta gani ba. Mai baƙin ciki tafin hannu yake buɗewa ya sauke nauyin kansa duka a ciki, gwiwar hannu a cinya. Nata yatsa ɗaya ne, wani lokaci biyu, ta ɗan taɓa gefen haɓa kamar mai taɓa tukunya ta ji ko ta yi zafi. Babu nauyin da yatsan ke ɗauka.

Na kira ta ɗakina na ce ta sakaya labule.

“Ɗiyar nan, mi ke damun wuyanki?”

Ta tsaya bakin ƙofa. Na ce ba tsayuwa na kira ta ba, ta zauna ta ba ni amsa.

Ta ce, “Inna, ba ni ke juya shi ba. Shi ke tafiya. In na taɓa nan sai ya tsaya, ban san dalili ba. Da yamma kuma kamar an ɗora mini dutsen niƙa.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin azumi.”

“Bakinki ciwo yake da ba ki faɗa ba?”

Ta ce tsoro ta ji a ce iska ce, a fara ɗauke yara daga kusa da ita. Gara a ce mata mara kirki da a ce mata mai aljanu. Ban ce ta yi daidai ba, amma na gane lissafinta.

Mun yi abin da aka sani. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Wanzami ya zo ya kafa mata ƙaho a bayan wuya. Maɗori ya murza, ya ce targaɗe ne, ya ja kan har ta yi ƙara, na ce ya isa. Masara ta bushe a gona, an fara karya. Na shiga wurin Malam na zauna bakin gado na gaya masa abin da idona ya gani. Maganarsa ba ta fita sosai a lokacin. Ya dubi rufi, ya ce, “Ni aka kai ni asibiti. Ita mi ya hana?”

A asibitin da ke kusa da mu suka duba ta, suka ba ta ƙwayar rage ciwo, suka ce wannan aikin likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya ne, sai babban asibiti a Zariya. Na sa aka kai tunkiyata kasuwa. Muka jira rana ta ɗaga sosai, don hanyarmu yanzu ba a yi mata sammako, muka hau mota zuwa Funtuwa, daga can muka sake wata. Ni da ita da autana. Duk tafiyar ƙeyarta tana jingine da kujera, yatsa a haɓa. Wata tsohuwa da ke kusa da mu ta ce, “Yarinya, cire tagumi.” Na ce mata ta kula da kajinta da ke ƙarƙashin kujera.

A bencin jira na babban asibitin na ga ashe ba mu kaɗai ba ne. Wani dattijo, ɗiyarsa tana riƙe da sandarsa, na ɗauka makaho ne. Ashe idonsa lafiya lau, fatar idon ce ke matsewa ta ƙi buɗewa, sai ya sa yatsa ya ɗaga. Wata mata da ɓarin jikinta ya shanye, hannun ya dunƙule har farce yana cin tafi. Wata kuma rabin fuskarta yana ta harbawa kamar mai ƙifta wa mutane ido. Ɗiyar dattijon ta ce mini duk allura ɗaya suka zo karɓa, wannan zuwansu ba na fari ba ne, in an yi wa babanta har kasuwa yake zuwa shi kaɗai.

Likitan ba yaro ba ne, yana da furfura a gemu, na ji daɗin haka. Ya ce ta sauke hannu, ta sauke, kan ya tafi. Ya ce ta taɓa haɓa, ta taɓa, ya dawo. Ya sa ta taka zuwa ƙofa, ya latsa wuyan nan da can, ya yi tambayoyi har da na abin da take sha na magani. Sannan ya juyo gare ni.

“Hajiya, wa ya koya mata taɓa haɓar?”

Na ce, “Ban je Makka ba tukuna. Kuma ba wanda ya koya mata, duka ma ta sha a kai.”

Ya ce masu wannan ciwon da yawa da kansu suke gano dabarar, wani haɓa, wani kunci, wani ƙeya, kuma tana cikin abin da likita ke gane ciwon da shi. Ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba a ɗauka. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa naman wuya saƙon ya ja, ba ta aika na ya saki. Akwai allurar da ake yi a cikin naman da ke jan, ta sa shi ya yi laushi. Ba ta kashe ciwon, takan riƙe wata uku ko kusa da haka, sai a dawo. Ya faɗi sunanta da Turanci, bakina bai iya ba. Autana ne ya ɗaga kai, ya ce kamar ya taɓa jin sunan a waya.

Likita ya yi murmushi. Ya ce ita ce dai wadda matan birni masu hali ke yi a goshi don ta goge tamoji, layukan nan da tsufa ke zanawa. Ya ce masu ciwon ido da fuska aka fara yi wa ita, daga baya masu kwalliya suka gano ta.

Ba a ajiye maganin a nan, sai an sayo, kuma a cikin sanyi ake riƙe shi. Aka ce mu dawo washegari. Muka sauka gidan wani ɗan garinmu. Autana, da yake ba ya iya ɓoye komai, ya kira Alhaji ya ba shi labari har da zancen goshi. Ina alwalar la'asar ya miƙo mini waya, ya ce Baba Alhaji na son magana.

Tsakanina da Alhaji akwai wasa, ƙanin miji ne, na goye shi yana da majina a hanci lokacin da aka kawo ni gidan.

Ya ce, “Tsohuwa, ashe kwalliya kuka tafi yi Zariya? An sayar da tunkiya don a gyara wa amarya fuska. Wannan canza halittar Allah ne, ba da yawuna ba. Ku dawo.”

Na ce, “Alhaji, haƙorin Makkan da ke bakinka, ciwo ne ya sa ka saka?”

“Wannan daban.”

“Daban ne, don naka ado ne, nata wuya ne. Lallen da ake ƙunsa wa amarya, ba shi matarka ke dama maka kana cusawa a fason ƙafa ba? Ka taɓa cewa kai amarya ne?”

Na ji yana danne dariya. Ya ce shi dai bai yarda da abin da 'yan duniya ke yi ba.

Na ce, “Ka je ka tambayi liman. Ka gaya masa mace ce ke son fuskarta ta dubi alƙibla in ta ta da salla. In ya ce haramun ne, gobe muna hanya. Kuma tunkiyar tawa ce, ba ta garkenka ba.”

Kafin magariba ya sake kira. Bai nemi ni ba, autana ya gaya wa. Liman ya ce neman magani ne, a yi.

Allurar ƙarama ce, ba ta kai ta riga-kafin yara ba. Likita ya sa ta saki kan ya tafi inda yake so, ya bi naman da ya ɗaure da yatsa, ya soka a wurare kaɗan, gefen wuya da bayansa. Ba ta ko motsa ba. Ya ce kada mu sa ran gani yau ko gobe, sai ya yi kwanaki. Wataƙila ta ji haɗiya ta yi mata nauyi, a ba ta kunu da abu mai laushi, in ya yi tsanani ko numfashi ya canza a dawo da ita ba jira. Da muka miƙe ya dubi goshina ya ce, “Mama, akwai ɗan saura a kwalba.”

Na ce, “Bar mini kayana. Da su yaran gida ke sanin na yi fushi.”

Muka dawo gida da wuya a karkace kamar yadda muka tafi. Wannan su ne kwanakin da suka fi mini tsawo. Ƙanwar Malam ta sake zuwa dubiya, ta dubi yarinyar ta dubi goshinta, ta ce, “To, fuskar dai ta yi kyau.” An gama kai masara rumbu, dawa ta rage. Alhaji bai sake ta da maganar Damari ba, amma bai janye ba. Na dama mata kunu da hannuna, abin da ban taɓa yi wa suruka ba, na hana ta daka. Kowace safiya ina duban wuyan kamar mai duban hadari. Har na fara shirya abin da zan gaya wa iyayenta in ta kama in raka ta da kaina, don ba zan bari a tura ta da direba kamar buhu ba.

Ba rana ɗaya abin ya zo ba. Da fari ta ce ciwon yamma ya ragu. Sannan na lura yatsan yana mantawa, yakan daɗe a cinya kafin ya tuna haɓa. Wata hantsi mata suna shiƙar dawa a bayan gida, na fito zan watsa wa kaji tsaba, sai na gan ta a cikinsu. Ta ɗaga ƙwarya sama da hannu biyu, dawa tana zuba, ƙaiƙayi yana tafiya gefe, fuskarta tana kan abin da take yi. Ba a miƙe sak ba, akwai ɗan karkata, har yau ma akwai. Amma ita ke riƙe da kanta. Na tsaya da tsabar a hannu har kaji suka fara tsattsagar ƙafata.

Da ta gan ni ta ajiye ƙwarya ta durƙusa, ta sunkuyar da kai ƙasa, kunya irin ta shekarar da aka kawo ta.

Na ce, “Ɗago ki dube ni.”

“Inna, ba zan iya ba.”

“Wuyan ne?”

“A'a.”

“To ɗago. Tunkiyata na ba da, sai na ga abin da na saya.”

Matan suka yi dariya, ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, ta mayar da kai ƙasa da sauri. Na juya na koma ciki, don ban saba a ga fuskata a irin wannan hali ba. Na gaya wa Malam. Ya ce a kira ta ta kawo masa ruwa, ta kawo kofi cike, ko ɗigo bai zuba ba.

Ta je Damari bayan an gama aikin gona, da buhun sabuwar masara da yaranta duka, mijinta ya kai ta, shi ya je ya ɗauko ta. Alhaji ne ya ba da motarsa. Da ya zo karɓar makulli na tambaye shi ko a yi masa magana da likita, goshinsa ya fara naɗewa. Ya ce in bari sai ni na fara. Malam ya tashi, ya ƙara ganin damina, har ya zauna a bakin gona yana nuna wa yara inda suka bar ciyawa, kafin Allah ya karɓi abinsa a lokacin da ya ga dama.

Allurar tana sakin ta kamar yadda likita ya faɗa. Mun koma, mun sake komawa, kuma ba kullum ake samun hali a kan lokaci ba, wani zuwan sai an jira kaka. Yanzu ita da mijinta suke tafiya, ƙafata ba ta son mota. Jikokina har gobe in na ga ɗayansu ya ɗora haɓa a tafi, ina buge hannun, wannan ba ta canza ba. Amma duk gidan an san akwai yatsa ɗaya da ba a taɓawa, har baƙi ana gaya musu tun daga zaure.

Tun ɗazu da muka fara, hannunta na hagu yana danne da takarda. Sau biyu yanzu na ga ya tashi ya je haɓa ya dawo, tana tsammanin ban gani ba. Idan mijinta ya dawo daga gona zan ce masa ya kira likita, ya kuma leƙa tasha ya ji ranar da mota ke zuwa Funtuwa.